Ƙugiyar da Baba Ya Ƙera wa Jirgin Yashi

Mahaifina bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne dam ɗin da muke wucewa idan za mu garinsu gaisuwar Sallah, shi ma ta tagar mota yake hango shi. Amma shi ya ƙera ƙugiyar da ake jan jiragen yashi da ita a can kudu, kuma a kanta muka yi shekaru muna zaryar kotu. Na ce "muna" ne don sakayawa. Ni ce mai zaryar, shi janyo shi nake yi.

Baba mai walda ne. Gidanmu yana Rijiyar Lemo, shagonsa kuma yana wani layi a Fagge, ba nisa da Bata, inda masu walda suka jeru kowa da tartsatsinsa. Layin yana da al'adarsa. Idan ka ƙera sabon abu, a bakin shago kake ajiye shi. Maƙwabci zai zo ya ɗaga, ya juya, ya auna da yatsu, gobe ka ga irinsa a gabansa, kuma ba mai kiran wannan sata. Wanda ya lulluɓe aikinsa da buhu shi ne abin zunɗe. Sannan idan aka yaba maka, kai ne za ka fara kushe aikin da bakinka. Wasu suna yi don tsoron kambun baka, wasu don kunya, wasu don kada wanda bai iya ba ya ji an ƙasƙanta shi. Baba ya haɗa duka. Ko ƙofar masallaci ya ƙera mutane suka taru suna yabawa, abin da zai ce bai wuce, "Ai ba wani abu ba ne."

Tun ina yarinya maganar nan take ci min rai. Ni Allah ya yi ni da baki. In na ci jarrabawa, kafin in cire takalmi unguwa ta ji.

Baba bai tara dukiya ba. Abin da ya tara shi ne mutanen layin nan. A can ake kiransa raba gardama, a can yake cin abincin rana a kwano ɗaya da jama'a, a can yake irin dariyar da ba ma gani a gida. Babban abokinsa shi ne mai shagon da ke manne da nasa, wanda muka tashi muna ce wa Kawu ko da yake ba mu haɗa dangi ba. Wajen ubangida ɗaya suka koyi sana'a. Kawu gwanin get ne da taga, hannunsa da ƙarfi, bakinsa da tsiya. Shi kaɗai ne a duniya yake ce wa Baba "kai ɗan ƙauye" Baba ya washe baki yana jin daɗi.

Maganar jirgi ta zo ne ta hannun wani mai sayar da igiyar ƙarfe a Sabon Gari. Iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, shi kuwa a nan aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Mai waya muke ce masa. Ƙaninsa yana can bakin babban kogi, yana da ƙaramin jirgi mai inji da yake jan manyan jiragen yashi marasa inji. Matsalarsu ɗaya ce. Idan jirgin yashin ya karkace ko ya fara shan ruwa, igiyar ƙarfen takan ɗaure tamau, ba ta fita daga ƙugiya, sai ta nemi kifar da ƙaramin jirgin. Abin da suke yi shi ne wani ya ruga da gatari ya sare ta. Igiyar da aka sare tana ɗaure kuwa tsalle take yi ta zabgi duk wanda ke kusa. Ta taɓa samun ƙanin nasa a cinya, har yau da ɗingishi yake tafiya.

"Malam," in ji mai waya, "ƙugiya nake so wadda za ta riƙe gam, amma in an ce ta saki, ta saki nan take. An kai wa masu walda a can, kowa ya gwada ya watsar."

Kawu ya leƙo ya ce, "Shi ne ka kawo wa wanda ko kwalbati ba ya tsallakawa in an yi ruwa?"

Baba bai ce zai iya ba. Cewa ya yi a bar masa guntun igiyar.

Ni na ga wahalar da ya sha, don makarantar da nake koyar da kimiyya a Sabon Gari take, in an tashi ta shagon nake biyowa in huta kafin in hau adaidaita. Ya yi ƙugiya mai baki biyu, sakata tana riƙe da bakin. In ba kaya a kanta, sakatar tana zarewa sumul. Da an ɗora nauyi sai ta cije, ko da guduma ba ta motsi. Ya sake wata, ita kuma ta riƙa saki tun ba a ce mata ba. Ya yi ta fama har damina ta shigo ta fita. Yadda ba ya son a ga inda ya iya, haka ba ya son a ga inda ya kasa, don haka duk wadda ta ƙi sai ya jefa ta bayan shago, in 'yan gwangwan sun zo ya ce su kwashe maza.

Daga ƙarshe ya ciro boris daga tsohuwar tayar adaidaita, ƙwallayen ƙarfen nan da ke sa taya juyawa, ya sa a daidai inda sakatar take cijewa, don ta gangara maimakon ta gurza. Ya tokare ta da wani sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, wanda Kawu ya tsinto masa a cikin tarkacensa, ya ɗaura siririyar igiya a jikin sakatar. Ranar gwaji suka samo adaidaita biyu, aka cika ta baya da ƙarafa, ta gaba ta ja. Kawu ya ɗare kan kayan ya riƙe siririyar igiyar, ya karkace hula, wai shi ne matuƙin jirgi. Da igiyar ƙarfen ta ɗaure sosai sai ya kwarara ihu, "A saki!" ya fizga da yatsa biyu. Bakin ƙugiya ya buɗe, igiya ta faɗi, ta gaba ta yi gaba abinta. Layin ya ɗauki sowa. Mai shayin bakin layi ya ce yau teku ta iso Fagge. Baba ya tsuguna yana duba boris ɗin kamar ba da shi ake ba.

Aka aika da ita kudu. Bayan wasu watanni mai waya ya zo da kwalin bandar kifi, ya ce ƙaninsa yana gaishe da Malam, ƙugiya ta yi musu rana, jirgin yashi ya nutse shi kaɗai, nasa yana nan lafiya. Aka raba kifin a layi. Kafin wannan ma Kawu da wasu sun fara ƙera ƙananan irinta suna sayar wa masu jan adaidaitar da ta mutu a hanya. Baba ne da kansa yake nuna musu inda ake sa boris ɗin.

A nan ni na shigo. Shekaru ina tsayawa gaban yara ina jero musu sunayen Turawan da suka ƙirƙiro wannan da wancan, ga ubana ya ƙirƙiro abu ana rabonsa kamar ƙosan sadaka. Na ce sai an yi masa rajista, a ba shi takardar da ke cewa fasahar tasa ce, ba mai ƙerawa ya sayar sai da izininsa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "wa ya ce zai ƙwace min? Ga hannuna, ga shagona."

Na kafe. Na bi ta wajen Inna, na bi ta wajen mai waya, na hana shi sakat har ya gaji ya sa hannu. Takarda ta fito daga Abuja, na sa ta a gilashi na rataye a shago. Washegari na tarar ya sauke ta ya cusa bayan akwatin kayan aiki, wai hayaƙi zai ɓata ta. Ban tsaya nan ba. Na ɗauki waya na yi masa bidiyo yana riƙe da ƙugiyar, na ce, "Baba, faɗa wa duniya yadda aka yi ka ƙirƙiro wannan." Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai ba wani abu ba ne. Sakata ce da sifirin da boris. Duk mai waldar da ya zauna zai yi." Na yi tsaki a raina, amma na watsa shi haka nan, don ya yi kyau a ciki.

Bidiyon ya zaga. Ko shi ne ya isa wani kamfani mai ƙera kayan jiragen ruwa a kudu, ko kuwa a bakin kogi suka ga ƙugiyar, Allah masani. Mai waya dai ya zo mana da guda ɗaya, an shafa mata fenti ruwan lemo, an buga tambarinsu a jiki. Ko inda Baba ya ɗan lanƙwasa hannun sakata don yatsa ya samu wurin shiga ba su canza ba. Baba ya juya ta ya ce, "Kai, sun iya fenti." Ni kuwa ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na samo lauya, wata mata 'yar Zariya, Kirista, mai magana a hankali kamar tana lallaɓa mara lafiya ya sha magani. Muka shigar da ƙara. Kamfanin bai musa cewa ya kwaikwaya ba. Cewa suka yi tun farko bai kamata a ba Baba takardar ba, a soke ta. Lauyar ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Doka, in ji ta, ba ta kare abu don kawai yana da amfani. Sai ya kasance ba abin da duk gwanin sana'ar zai hango da sauƙi ba ne. In abu ne a fili, wanda kowane mai walda zai haɗa in an kawo masa matsalar, to na kowa ne. Su kuma abin da suke cewa ke nan: sakata tsohuwa ce, sifirin tsoho ne, boris tsoho ne, haɗa su ba ƙirƙira ba ce. Har da hotunan sakatar ƙofa da na ƙugiyoyin wasu ƙasashe suka jera a cikin takardunsu.

Ta tambayi Baba ko ya ajiye waɗanda suka ƙi yi, don alƙali ya ga doguwar hanyar da aka biyo. Baba ya ce ai tuni an narkar da su, wataƙila yanzu rodi ne a ginin wani.

Ranar zaman farko lauyoyin kamfanin suka kunna bidiyona a gaban alƙali. Muryata ce ta fara fita, tar da ita, cike da iyayi. Tafinta ya juya maganar Baba zuwa Turanci tiryan-tiryan, bai ƙara ba bai rage ba. Lauyansu ya tambayi Baba ko shi ya faɗi haka, ya ce shi ne. Ya tambaye shi ko ƙarya ya yi. Baba ya ce, "Subhanallahi, ni ba na ƙarya." Lauyan bai ƙara masa wata tambaya ba. Da ranar hukunci ta zo, alƙali ya ce mai abin ne da bakinsa ya shaida cewa abu ne a fili, ya soke takardar.

Abin da ba na mantawa shi ne fuskar Baba da muka fito. Wasai take. Ya tsaya wajen mai rake ya saya mana, yana tsotsa ya ce, "To, uwata, an gama ko? Mu koma bakin aiki." Da ina da hankalin da nake tutiya da shi, da na ce an gama. Mutumin ya sauke kaya ne a gabana, ni kuma na sunkuya na ɗauka na mayar masa a ka. Na ce za mu ɗaukaka ƙara.

Na ce masa don haƙƙinsa ne. Har da haƙƙinsa, ban musa ba. Amma abin da ya fi cin raina shi ne a ce bidiyona ne ya kayar da ubana. Mai waya ya gano ni. Na je shagonsa neman ya sake tsaya mana shaida, ya ture wani nadin igiya ya ba ni wuri, ya aika aka sayo min lemo, ya bar ni na gama zuba.

"Malama," ya ce, "zan tsaya, ko ina ne. Amma kin tambayi dattijon nan ko yana so?"

Na ce ai Baba bai san darajar abin da ya yi ba.

"Ya sani fa," in ji shi. "Kawai ba ya son a ji daga bakinsa."

Na shanye lemona na yi masa godiya, na fito ina cewa a raina shi ma ya zama ɗan layi.

Kotun sama ba ta neman ganin Baba, lauyoyi ne suke ta kai takardu suna kawowa. An daɗe ƙwarai, har na fara fidda rai. A wannan tsakanin Baba ya murmure. Kawu ya samu abin tsokana, duk wanda ya zo shagon sai ya ba shi labarin yadda ɗan ƙauye ya ga alƙali gwiwarsa ta riƙa kaɗawa, Baba yana dariya har da riƙe ciki. Sannan hukunci ya fito. Suka ce ba daidai ba ne a soke haƙƙin mutum a kan maganar da ya yi a bakin shago ba tare da an ji yadda ya kai ga abin ba. A mayar da shari'ar ƙasa, wani alƙalin ya saurara daga farko. Lauyarmu ta ce wannan karon komai yana bakin Baba. Za su tambaye shi ko wani mai walda zai iya, in kuwa ya sake cewa kowa zai iya, to ita ba ta da sauran dabara.

Na mayar da tsakar gidanmu kotu. Bayan la'asar sai in ajiye masa kujera, in tsaya a kansa in zama lauyan kamfani.

"Malam, wani mai walda zai iya ƙera wannan?"

"To, in Allah ya ba shi basira…"

"Baba! Ba haka za ka ce ba."

Inna tana tsintar shinkafa ta ɗago ta ce, "Ke, ubanki kike ɗaga wa murya? Karatun ke nan?"

Na sassauta, na sake tambaya. Ya ce, "Uwata, ba ki gane ba. In na ce ba wanda zai iya, ba kamfani na zaga ba. Mutanen da nake cin abinci da su na zaga."

Na gane sarai, a layin na girma. Amma na san inda zan taɓa shi, kuma na taɓa. Na ce, "Baba, Alƙur'ani za su ba ka ka rantse. Tsakaninka da Allah, waɗanda suka gwada a kudu sun iya? Lokacin da kake ta jefar da ƙarfe bayan shago, akwai wanda ya ce maka sa boris? In ka rantse ka ce kowa zai iya alhali ka san ba haka ba ne, mene ne sunan wannan?"

Ya tashi ya ɗauki buta ko da yake magariba da saura. Daga ranar bai sake yi min gardama ba, ni kuma na ɗauka nasara na yi. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Tun tasowarsa abu biyu yake gudu, ƙarya da cika baki, ni na zo na matse shi a tsakaninsu na ce ya zaɓi ɗaya. Inna ba ta sake sa mana baki ba, in mun fara sai ta kwashi kayanta ta shige ɗaki.

Ranar zaman, masu waldar layin suka rufe shaguna suka biyo mu, adaidaita bayan adaidaita, wai ba za su bar ɗan uwansu shi kaɗai ba. Ban gayyace su ba, ban kuma hana su ba. Daɗi ma na ji, na ce alƙali ya ga muna da jama'a. Kawu ya sa farar shaddarsa ta Juma'a ya zauna a gaba, yana ta ɗaga wa Baba gira.

Mai waya ya fara ba da shaida. Ya faɗi yadda aka daɗe ana saran igiya da gatari a kogin, da masu waldar da suka gwada suka bari. Sannan aka kira Baba ya rantse. Lauyarmu ta bi da shi a hankali, ya ba da labarin sakatar da take cijewa da wadda take saki, ya faɗa tsaf, idonsa a ƙasa. Sai lauyan kamfani ya miƙe. Ba mugu ba ne, aikinsa yake yi, kuma ya yi bincikensa. Ya nuna Kawu.

"Wancan dattijon mai farar riga, ka san shi?"

Tafinta ya juya. Baba ya ce ya san shi.

"Tare kuka koyi walda?"

"Tare."

"Gwani ne?"

"Gwani ne ƙwarai."

"Sifirin da ke cikin ƙugiyar farko ma shi ya ba ka?"

"Shi ne."

"To da shi aka kai wa aikin nan ba kai ba, zai iya?"

Baba bai dubi Kawu ba. Ni ya duba. Ban gyaɗa kai ba, ban girgiza ba, amma ban sauke idona ba, kuma na san abin da idon nawa yake cewa.

Ya ce, "Ba zai iya ba."

Muryar ta yi ƙasa, alƙali ya ce a maimaita. Baba ya maimaita. Tafinta ya ɗaga murya ya faɗa da Turanci, aka rubuta. Kawu ya fara 'yar dariya yana waiwayen na kusa da shi, kamar yana jira a ce wasa ne irin wanda suka saba. Ba wanda ya taya shi. Ya cire hularsa ya leƙa cikinta, ya mayar.

Gaskiya Baba ya faɗa. Kawu ba zai iya ba, shi ma ya sani, duk layin sun sani. Shekara da shekaru sun san wanda ya fi wani, suna zaune lafiya ne saboda ba wanda ya taɓa furtawa. Da muka fito suka yi wa Baba Allah ya ba da sa'a, kowa ya nemi adaidaitarsa.

Mun ci shari'ar. Alƙali ya ce haɗa tsofaffin abubuwa ta hanyar da gwanaye suka nema suka rasa ƙirƙira ce, ya mayar wa Baba haƙƙinsa, ya hana kamfanin. Mai waya ya rungume Baba yana hawaye. A makaranta aka tara yara aka tafa min. Har yau akwai masu tsayar da ni a hanya su ce Allah ya ba su 'ya irina, ni kuma in ce amin.

Ba wanda ya yi faɗa da Baba a layin. Da ma faɗan aka yi, da an sasanta. Gaisuwa ce kawai ta ƙara tsawo da ladabi. Masu ƙera ƙananan ƙugiyoyi suka daina ba tare da an ce su daina ba. Baba zai gama aiki ya ajiye a bakin shago, ya wuni a nan ba wanda ya ɗaga. Kawu ya koma ce masa "Malam". Janaretan da suka daɗe suna amfani da shi tare ma ya bar masa, ya sayi ƙarami nasa, wai don kada ya riƙa takura wa Malam. Baba ya fara dawowa gida da wuri, ya zauna ya rungumi rediyo. Bai taɓa ce min ni na ja ba, kuma na so ya faɗa. Na taɓa kai masa zancen da kaina, ya ce, "Ai kin yi ƙoƙari, uwata. Allah ya yi miki albarka." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na ce amin na tashi na ba shi wuri.

Na gwada gyarawa, irin gyaran mai baki. Na je shagon Kawu na tsuguna na ce ai dole ce ta sa, lauya ne ya matse shi, ga kuma rantsuwa. Kawu ya ɗage gilashin walda ya ce, "Haba Malama, me aka yi? Ai gaskiya ya faɗa." Ya sauke gilashin ya ci gaba da aiki.

Kwanan baya na biya shagon bayan an tashi daga makaranta. Ina zaune a benci ina shan ruwan leda, Baba yana goge wani ƙarfe, sai ga Kawu. Ya yi sallama cikakkiya, ya tsaya a waje sai da aka ce ya shigo. Ya tsuguna suka gaisa har da tambayar iyali, mutanen da tun safe suke jin tarin juna.

"Malam," ya ce, "wani mai motar jan motoci ne ya zo wajena, yana son ƙugiya irin taka, babba. Na ce bari in zo in nemi izini tukuna, kada in shiga haƙƙi. In kuma ka ga aikin ya fi ƙarfina, sai in turo maka shi."

Na kasa kunne da kyau. Na so in ji gatse a muryarsa, babu.

Baba ya ajiye ƙarfen. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga maganar da ta taso masa, irin wadda a da zai faɗa ba tunani ya haɗa da zagin wasa. Sai ya tsaya. Ya juyo gare ni a hankali, a gaban abokinsa, ya ce, "Uwata, doka ta yarda in ce ya yi?"

Na ce ta yarda, Baba, ta yarda, abinka ne, wanda ka so ka ba. Kawu ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Bai dubi Baba ba. Ni ya fuskanta, mutumin da ya sha ɗora ni a kafaɗa ya kai ni sayen alewa, ya ɗan russuna ya ce, "Na gode, Malama. Allah ya ƙara girma."

Ya koma shagonsa, can muka ji ya ta da janaretansa.